Sarƙa mai kN 20 za ta ɗaga injin kilo 1,500?

Ka ce ka ga kN 20, wato nyuton dubu ashirin, a takardar sarƙa, injin da za a ɗaga kuma kilo 1,500 ne, shin za ta iya? To ɗana, kar ka taɓa ƙugiya tukuna.

Kilo da nyuton ba abu ɗaya suke aunawa ba. Kilo yawan jikin abu ne, ko a duniyar wata aka kai injin nan kilo 1,500 ɗinsa na nan. Nyuton kuwa ƙarfin ja ne. Abin da ya haɗa su shi ne jan da ƙasa ke yi: kowane kilo ɗaya da ke rataye yana jan sarƙa da nyuton 9.81. Saboda haka ka ninka 1,500 da 9.81, ka samu nyuton 14,715, wato kN 14.7. In daga kN za ka koma kilo, ninka da 102: kN 20 ya zama kilo 2,040. A bel ɗin ɗaure kaya za ka ga daN, wato nyuton goma, shi kusan kilo ɗaya ne.

Lissafi ya ce akwai rara, ko? Nan ake halaka. Koma ka duba takardar da kyau. In kN 20 ɗin nan ƙarfin da sarƙar ke tsinkewa ne, sai ka raba shi gida huɗu kafin ka san abin da za ka rataya: kilo 510 kacal. Igiyar waya gida biyar ake rabawa, bel ɗin ɗaga kaya gida bakwai. Lambar da ke bayan haruffan WLL, wato iyakar nauyin da aka yarda a rataya, ita ce kaɗai aka riga aka raba maka. Injin nan yana buƙatar sarƙar da ba ta tsinkewa sai ta kai kN 59.

Sannan ƙarfi yana ƙaruwa ko kilo bai ƙaru ba. Sarƙa biyu a tsaye cak, kowace tana ɗauke da rabi. Ka buɗe su digiri 90 a tsakaninsu, kowace ta ɗauki kamar kilo 1,060. A digiri 120 kowace ɗaya tana ɗauke da injin gaba ɗaya. Fizga ma haka take: mai kireni ya ɗaga da sauri ko ya taka burki farat ɗaya, sai ka ji sarƙa ta yi ƙara, nan take ja ya zarce abin da ka lissafa.

Je ka karanto mini abin da aka buga a jikin tambarin sarƙar, harafi da lamba, mu lissafa tare.