Ku Tambaya Mu Amsa: In saida PS4 ɗina saboda GTA 6?

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wasan bidiyon nan GTA 6 da sabbin na'urorin gem irin su PS5, wato PlayStation ta kamfanin Sony da ta gaji PS4, daga Gusau har Kamba maganar kenan. Na zaɓo huɗu, saura ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gem nan Gusau wajen Tudun Wada, PS4 huɗu gare ni da talabijin huɗu da ɗan janareto. Yara sun ishe ni, kullum zancen GTA 6, wai in ya hito ba mai ƙara lekowa wurina tunda PS4 ba ta ɗaukar shi. Abokina kuma ya ce kar in ɓata kuɗi ga PS5 don PS6 ta kusa. To mi za ni yi? In saida su duka in sawo PS5 biyu ko in jira? Wallahi kaina ya ɗaure.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Rabin maganar yaran gaskiya ce, kamfanin Rockstar da ke yin GTA ya ce sabon zai fito ne a PS5 da Xbox Series X da S, babu PS4 a lissafi, ita kam tun 2013 take ta yi iya yinta. Amma ka dubi tarihin ranar fitowar tukuna. An saki tallan farko a Disambar 2023, aka ce sai wajen ƙarshen 2025, daga baya aka ɗaga zuwa 26 ga Mayun 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamban 2026. Wasan da aka ɗaga har sau biyu ba shi ne za ka rushe shago saboda shi yau ba, kar ka ga hadari ka zubar da ruwan tulu.

Yanzu zauna ka yi lissafin da yaran ba za su yi maka ba. Me ke kawo maka kuɗi a shagon nan? Ƙwallo ce, na san amsar tun kafin ka faɗa. Mutum biyu su zauna, minti goma an tashi, wanda aka ci ya biya ko ya nemi a sake don ya rama, ga wasu biyu a tsaye suna jiran hannu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, haka kuɗin ke juyawa daga la'asar har ka kashe janareto. GTA kuwa na mutum ɗaya ne, ko GTA 5 ba ya raba allo biyu, yaro ɗaya zai riƙe hannu ya saci mota ya yi ta zagaya gari awa guda, goma na bayansa suna kallo kyauta suna shan fankarka. Zai jawo maka jama'a a watan farko, wannan ba musu, amma jama'a daban ciniki daban. Kuma ƙwallon ba ta bar PS4 ba tukuna, FC 26 da kamfanin EA suka fitar a Satumbar 2025 ya zo a PS4, ga eFootball na Konami wanda tsofaffin hannu har yau PES suke ce masa.

Maganar PS6 kuma, abokinka lissafi ya yi ba labari ya ji ba. PS3 ta fito 2006, PS4 2013, PS5 2020, shekara bakwai-bakwai kenan, shi ya sa kowa ke cewa 2027. Hotunan da ke yawo a TikTok zanen mutane ne kawai. Ko ranar da ta fito ma, ka tuna yadda aka yi da PS5, a 2020 da 2021 ko a Amurka layi ake ba a samu, 'yan kasuwa suka saye suka ninka kuɗi, to kafin ta iso kasuwar Farm Centre a Kano da farashin da mai shago zai iya taɓawa ai an daɗe. Kuma kar ka zauna jiran PS5 ta karye, da can na'ura in ta tsufa sauka take, wannan hawa ta yi, dala 499 ta fito, a Agustan 2025 Sony ya ƙara dala 50 a Amurka, mu kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ka san inda dala ta kai mu, ta haura naira 1,500 a 2024.

Da ni ne kai, uku zan riƙe su ci gaba da ƙwallo, in saida wadda ta fi yin ƙara da zafi, in fara tara ciko, in lokaci ya matso aka ga ranar ta tsaya sai in sawo PS5 guda ɗaya tak. Ita kuma kuɗin lokaci za ka sa mata, minti kaza naira kaza, da agogo a gabanka, in ba haka ba yaro ɗaya zai cinye maka mai. Ka sa kuɗin hannu a lissafi, don hannun PS4 ba ya buga wasannin PS5, sai nata DualSense, kuma yana da tsada, ga shi hannun shago ba ya daɗewa sandar ke fara ja da kanta.

Ka sayi mai cin faifai. Kai ɗan Zamfara ne ba sai na tuna maka Satumbar 2021 ba lokacin da aka rufe layukan waya a jihar, duk wanda wasansa ya dogara da intanet ya san abin da ya gani. Faifai kuma kana iya saida shi ko ka yi musaya. In siririyar ce wato Slim, na'urar faifanta sai an haɗa ta da intanet sau ɗaya a farko, ka sa mai shagon ya yi maka a gabanka kafin ka baro Kano. In an nuna maka wadda aka yi wa kutse aka loda mata wasanni, ka sani sabon wasa yana neman sabuwar manhaja, ita kuwa ta kutse da tsohuwa take rayuwa, ba za su haɗu ba. PS5 Pro da ta fito Nuwamban 2024 a dala 699 ko faifai ba ta zuwa da shi, manta da ita. Sai wuta, PS5 tana jan wajen wat 200 in wasa ya yi nauyi, ka nemi sitabilaiza, kar ka cusa ta cikin akwati, zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ne ke kashe na'ura a ƙasar nan ba yara ba.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki, ɗalibi ne ni a Aliero. An turo wani link a guruf namu na WhatsApp wai GTA 6 na waya ya hito, ka tura kuɗi a ba ka lambar buɗewa. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙarya ce ƙanena, kar ka tura ko sisi kuma kar ka sauke. Wasan da bai fito a PS5 ba ta ina ya biyo ya shigo Tecno ɗinka? Ko GTA 5 na 2013 bai taɓa zuwa waya ba, kwamfuta ma sai Afrilun 2015 ya iso. Yawanci San Andreas ne na 2004 aka sauya wa fenti, wani kuma ba wasa ba ne sam, manhaja ce mai karanta saƙonnin banki. Ka gaya wa 'yan guruf ɗin.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Uwa ce daga Argungu. Ɗana shekararsa 11, babansa ya yi mishi alkawarin gem in ya kai izu ashirin, ya kai, yanzu ya kafe sai PS5 don wani wasa GTA da ka zuwa. Ni ban san kan abin ba, ka ba ni shawara.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya raya shi ya sa ya sauke. Alkawari kam a cika, amma ba da GTA ba. Wasan labarin 'yan fashi ne, harbi, sata, zagi, gidajen rawa, su kansu Turawan da suka yi GTA 5 sun buga 18 a jikin kwalinsa, sabon kuma tallansa ya nuna hanyar ɗaya ce, wasu Jason da Lucia ne ke fashi a Vice City. Ni ba na cikin masu cewa gem duk shirme ne, amma wannan ba na ɗan 11 ba ne. Ki duba na'urorin gem na kamfanin Nintendo. Switch 2 ta fito 5 ga Yunin 2025 a dala 450, tsohuwar Switch ta 2017 kuma tana nan da sauƙi musamman ta hannu, kuma ta ishe shi. Tana da batir da allonta, in an ɗauke wuta ba sai an tada janareto don yaro ba, akwai tseren Mario Kart da zai yi da ƙannensa, akwai ƙwallo, sannan akwai manhajar iyaye da za ki sa a wayarki ki ƙayyade masa lokaci, in magariba ta yi ta tsaya da kanta. Zai ɗan kumbura baki kwana biyu, ki bar shi.

TAMBAYA: Oga daga Ƙaura Namoda nike. Na ga Xbox Series S ta hi araha, tana yin GTA 6?

AMSA: Tana cikin waɗanda aka ambata, za ta yi, dala 299 ta fito a 2020 shi ya sa take jan ido. Matsalarta ba ta da bakin faifai ko kaɗan, komai saukewa ake, kuma ta farkon giga 512 gare ta. Red Dead Redemption 2 na wannan kamfanin da ya fito 2018 ya kai wajen giga 100, sabon GTA ba zai zo ƙarami ba. Ka tambayi kuɗin data giga 100 a layinka, ka haɗa da kuɗin wasan da sai da katin da ke biya a waje, sannan ka kwatanta da PS5 ta hannu mai faifai. In kana da inda za ka samu wayfay mai ƙarfi ka kwana kana saukewa, bismillah.