Amsa ga ƙanena mai zuwa karatu Athlone, kan batun keke

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a jami'ar fasaha ta Athlone, kana kuma tambaya ko ka ware kuɗi ka sayi irin keken nan na burji mai lanƙwasasshen hannu, tunda ka ga hotunan mutane suna tuƙi a cikin dausayin Ailan babu mota ko ɗaya. Hanyoyin suna nan, hotunan ba su yi maka ƙarya ba. Keken mai tsada ne dai ban yarda da shi ba, aƙalla a shekarar farko.

Bari in fara da ƙasar, don sai ka san ta za ka gane abin da nake nufi. Tsakiyar Ailan shimfiɗe take, kuma babban ɓangarenta dausayi ne da gansakuka ya yi dubban shekaru yana mutuwa yana taruwa cikin ruwa ba tare da ya gama ruɓewa ba. A shekara guda bai fi milimita ɗaya yake ƙaruwa ba. Ka ga ke nan ramin da ya kai tsayin mutum ya kusa shekara 2,000 yana haɗuwa. Wannan baƙar ƙasar idan ta bushe tana cin wuta, da ita mutanen nan suke ɗumama gidajensu tun kaka da kakanni. A 1946 gwamnati ta kafa kamfanin Bord na Móna, ya zurare ruwan, ya yi ta yankar ƙasar da injuna yana kai wa tashoshin lantarki a kan siririn layin dogo nasa na kansa. Tashoshin Shannonbridge da Lanesborough sun rufe a Disambar 2020, a farkon 2021 kuma kamfanin ya sanar ya daina yanka gaba ɗaya. Yanzu toshe magudanan ake yi don ruwa ya dawo, saboda busasshen dausayi iskar kabon yake fitarwa, jiƙaƙƙe kuwa riƙe ta yake yi. A gefen waɗannan filayen da tsofaffin hanyoyin aiki ne ake shimfiɗa tsakuwa don masu keke da masu tafiya a ƙasa.

Kai kam ka yi sa'ar gari. Daga cikin Athlone akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke, kilomita 40 da 'yan kai har Mullingar, kwalta ce sumul. A Mullingar za ka haɗu da wata hanya mai tsawon kilomita 130 daga Maynooth zuwa Cloondara, a gefen hanyar ruwa da aka haƙa mai suna Royal Canal. Idan ka yi yamma da ita ka shiga yankin Longford, ka ratsa Corlea kusa da Kenagh. A can aka tono wata hanya ta katakon itacen oak da aka shimfiɗa a kan dausayi a shekara ta 148 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ba ta daɗe ba ta nutse saboda nauyinta, ruwan kuma ya adana ta. Tun wancan zamanin mutane ke fama da yadda za su ƙetare ƙasar nan.

Amma inda na fi so shi ne Lough Boora a yankin Offaly. Ka hau jirgin ƙasa daga Athlone zuwa Tullamore, ka bi gefen hanyar ruwa ta Grand Canal yamma zuwa wajen Pollagh, ka gangara ciki. A tanadi gurbin keke a jirgin tun kafin ranar, don wuraren kaɗan ne. Wurin duk tsohon filin yanka ne da ya koma tafkuna da kurmi. Za ka wuce tsohon jirgin kamfanin da masu fasaha suka ɗora a kan tudu, ka wuce inda aka gano sansanin mafarautan da suka zauna nan fiye da shekara 8,000 da suka wuce, a 1977 aka gano shi. Ban da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da kukan tsuntsaye ba ka jin komai. Ruwan magudanan baƙi-baƙi ne, ja-ja idan rana ta haska shi. Wajen watan Mayu da Yuni wata ciyawa mai farin kai takan rufe fili har iya ganinka.

To ga dalilin da na hana ka sayen mai tsada. Babu tudu, babu duwatsu, tsakuwar ma daddaɓaɓɓiya ce. Duk keke na hannu mai lafiyayyen birki da giya, wanda tayarsa ta kai faɗin milimita 35 zuwa 40, zai kai ka ko'ina na ambata. Abin da ke karya mutum a dausayi iska ce. Daga kudu maso yamma take tasowa, ba bishiya ba gini da zai tare ta, sai ka ga kana taka feda da dukkan ƙarfinka a kan miƙaƙƙiyar hanya amma kamar ana riƙe da kai ta baya. Dabarar ita ce ka fuskance ta wajen tafiya da sauran ƙarfinka, ta turo ka wajen dawowa. Keken miliyan ma ba zai canza wannan ba. Kuɗin nan ka zuba su a rigar ruwa ta ƙwarai, da safar hannu, da marfin taya mai tare taɓo, da kwaɗo mai ƙarfi, don satar keke a garuruwan nan ba labari ba ne. Fitila gaba da baya doka ce idan dare ya yi, a Disamba kuwa huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Hular kwano doka ba ta tilasta ba, amma ka saka. Kuma a hagu ake tuƙi, har a kan hanyar keken.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka sauka daga hanya don ka yanke. Wurin da ka gani kore shar, lumui, shi ne mafi haɗari, gansakuka ne kwance a kan ruwa. Idan ka taka gefensa za ka ji ƙasa tana lotsawa tana dawowa kamar katifa, taku biyu gaba kuma ƙafa ta shige har cinya. Inda suka yi gadar katako, irin ta dausayin Clara, ta masu ƙafa ce, kuma jiƙaƙƙen katako santsi gare shi. Ka riƙe faci da famfo, don babu mai gyara a kusa. Lambar gaggawa 112 ce ko 999. Da bazara ƙananan ƙwari masu cizo sukan yi dandazo da yamma idan iska ta kwanta, kaska ma akwai a cikin doguwar ciyawa, ka duba ƙafafunka in ka dawo. Ka wanke kaca ka sa mata mai a ranar, wannan baƙin taɓon da tsakuwa cin ƙarfe suke yi.

Ka iso tukuna, ka biya haya, ka ga abin da aikin awa 20 a mako da takardar zamanka ta ba ka dama zai iya ɗauka. A Lough Boora ana ba da hayar keke a lokacin da baƙi suka fi zuwa, ka gwada da nasu. Idan watan Fabrairu ya same ka kana fita duk Asabar cikin wannan iskar, ka rubuto mini mu yi maganar na burjin.