Baba na fama da ciwon dajin hanyar abinci, ni kuma ina Ingila: in jira hutu ko in taho?

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ya rubuto cewa an gano ciwon daji a hanyar abincin mahaifinsa, daidai inda take haɗuwa da tumbi, kuma likitoci a Kano sun ce ya bazu. Hutunsa sai nan da wata biyar, bizarsa kuma ta kusa ƙarewa. Yana tambaya ko akwai yadda zai gane lokacin da ya rage.

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ajali a hannun Allah yake, kuma likitan kirki ba zai yanke maka rana ba. Amma jiki yana nuna alamu, kuma da su za ka yi lissafin tafiyarka. "Da sauƙi" da ake ce maka a waya gaisuwa ce kawai. Samu mutum ɗaya a gida da ke jinyarsa, ka yi masa tambayoyi takamaimai.

Fara da abin da Baba ke iya yi da kansa, domin wannan ya fi hoton asibiti faɗin gaskiya. Likitoci na auna shi daga 0 zuwa 4. Mai 0 ko 1 yana harkokinsa, yana fita masallaci. Mai 2 ya bar aiki amma yana wanka da shiga bayi da kansa, kuma ya fi rabin yini a tashe. Mai 3 ya fi rabin yini a kwance ko a kishingiɗe. Mai 4 ba ya tashi. Daga 3 zuwa sama, allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kan ƙara wahala fiye da amfani, shi ya sa likitoci ke ja da baya.

Sai haɗiya. Tambayi abin da ya ci jiya. Tuwo na wucewa? Ko sai kunu da fura mai ruwa-ruwa? Ko shayi ma sai ya sarƙe shi, yana ajiye kwano a gefen gado don tofar da yawun da ya kasa haɗiyewa? Haka ciwon ke sauka mataki-mataki. Sarƙewa da tari bayan shan ruwa na nufin abu na zubewa huhu, kuma ciwon huhun da ke biyo baya kan yi gaggawa. A ɗora shi a kan sikeli duk mako: wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida, misali daga kilo 70 zuwa 63, ya shiga haɗari. Ciki ya kumbura da ruwa, idanu sun yi rawaya, ƙafafu sun kumbura: duk suna nuna ciwon ya yi nisa. Aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin kuwa, asibiti a ranar.

Masu bincike a asibitin Royal Marsden na Landan sun duba marasa lafiya 1,080 masu irin wannan ciwo, suka fitar da sakamako a 2004. Abu huɗu suka samu da ke nuna lokaci ya gajarta: ma'aunin ƙarfin jiki ya kai 2, ciwon ya shiga hanta, ya shiga tantanin ciki, gwajin jini na ALP, wani sinadari da ke hauhawa idan hanta ko ƙashi sun taɓu, ya kai 100. Wanda ba shi da ko ɗaya, tsaka-tsakin rayuwarsa wata 11.8, mai ɗaya ko biyu, wata 7.4, mai uku ko huɗu, wata 4.1. Rabi sun wuce haka, rabi ba su kai ba, kuma dukkansu masu karɓar kemo ne. Duk huɗun suna cikin fayil ɗin Baba, a ɗauko maka hotonsa.

Masu jinyar ƙarshe suna da ma'auni mai sauƙi: idan canji na zuwa wata-wata, ana maganar watanni, mako-mako, makonni, kullum-kullum, kwanaki. Idan Baba ya koma kunu kaɗai kuma ya fi kwanciya, wata biyar ya yi nisa. A ganina ka taho yana iya magana, ya yi wasiyya, ya fi ka ajiye kuɗin jirgi don zaman makoki.

Yanzu takardu, nan mutane ke ƙona kansu. Idan ka riga ka shigar da neman sabunta biza, ka fita daga Ingila kafin a yanke hukunci, an ɗauka ka janye buƙatar. Don haka ko dai ka je ka dawo kafin tsohuwar ta ƙare, ko ka biya kuɗin hanzartawa ka karɓi amsa tukuna. Hutun da ba albashi da ya wuce mako huɗu a shekara, doka ta tilasta wa kamfanin da ya ɗauki nauyinka ya kai rahoto, kuma yana iya taɓa bizar. Nemi izini a rubuce, haɗe da takardar likita mai hatimi. Kada kwanakinka a waje su haura 180 cikin kowane wata 12 in kana son zaman dindindin. In ka sabunta fasfo, saka lambarsa a asusunka na biza ta intanet kafin ka tashi.

Kuɗin da kake turowa kuma, kafin a yi maganar Indiya ko Masar, a tambayi likita game da bututun ragar ƙarfe da ake sakawa ya buɗe hanyar abinci, ko robar ciyarwa ta ciki, da maganin zafi na mofin. Su ke sa mutum ya sha ruwa ya yi barci.