Likita, Uwar Mijina Ta Ce In Yi Wa Yaro Ɗura

Tambaya: Huhu nawa mutum yake da shi? Ɗalibi daga Gumel.

Amsa: Biyu. Na dama ya kasu kashi uku, na hagu kashi biyu, domin ya rage wa zuciya wuri.

Tambaya: Tari ya dame ni fiye da wata guda, ga rama ga gumin dare. Magidanci daga Ɗambatta.

Amsa: Malam, duk tarin da ya wuce mako biyu sai an gwada majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, wata shida ake sha. Ka bar zaryar kemis, ka tafi gobe.

Tambaya: Ɗana mai wata tara ba ya son koko. Uwar mijina ta ce in kwantar da shi in toshe masa hanci in ɗura masa. Tun shekaranjiya yake zazzaɓi da haki. Wata uwa daga Ringim.

Amsa: Ƙanwata, ki goya yaron nan ku tafi asibiti yau ɗin nan.

A maƙogwaro hanyoyi biyu ne maƙwabtan juna: ta gaba ta iska ce, ta baya ta abinci. Idan mutum zai haɗiya, wani ɗan murfi yakan rufe ta iskar. To, yaron da aka toshe wa hanci yana tsala kuka, ta baki kaɗai zai ja numfashi, ga bakin cike da koko. Ina kokon zai bi? Cikin huhu zai gangara, inda ƙananan jakunkunan iska suke miƙa wa jini iskar da muke shaƙa. Wurin ya kumbura, ya tara ruwa, shi ne ciwon namoniya. Wani yaron ma nan take yake shiɗewa a cinyar uwarsa.

Na san za a ce da ɗura aka raini kowa. Waɗanda ta kashe fa? Sai a ce mayu ne, ko iska. Wallahi abin nan yana ƙona min rai.

Ɗaga rigarsa lokacin da ya yi shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ko da tsakar dare ne a nemi mai babur. Kada a kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙirji, kada a turara masa komai. In ya warke, ki zaunar da shi ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Ki gaishe da Inna, ki karanta mata wannan cikin ladabi, amma bayan kun dawo daga asibiti.

Tambaya: Da hunturu muna kwana da kaskon garwashi a ɗaki. Akwai illa? Daga Kazaure.

Amsa: Haba! Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, a rufaffen ɗaki takan kashe mutane cikin barci. A fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Wanda ya tashi da jiri da ciwon kai, a fito da shi sarari, a wuce asibiti.