Hukuncin haɗa murya a rera Ishiriniya da tura ta a waya

Tambaya: Malam, mu samari ne a Tawa. Kowane daren Juma'a bayan lisha mukan zauna a fadarmu ana dafa shayi, ɗaya ya ja baitin Ishiriniya, waƙar yabon Annabi (SAW), sauran mu yi amshi. Ni nake ɗauka da salula in tura wa 'yan'uwa a Yamai. Yayana ya ce bidi'a ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Haɗa murya a rera waƙe mai kyakkyawar ma'ana halal ne. Lokacin haƙa Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, sahabbai na ɗibar ƙasa cikin sanyi da yunwa suna rera baiti tare, Annabi (SAW) yana amsa musu. Hassanu ɗan Sabitu kuwa cikin masallacin Madina yake waƙe. Da Sayyidina Umar ya harare shi, sai Hassanu ya ce ai ya yi waƙe a nan wanda ya fi Umar yana zaune. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan.

Ishiriniya ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, ya rasu a 627 Hijira. Da ita muka tashi. Na sha ganin dattijo yana jan ta a watan Maulidi, hawaye na jiƙa masa gemu.

Amma maganar yayanka tana da wurin kamawa. In kun ɗauka cewa daren Juma'a na da wani lada na daban saboda wannan rerawa, kun sa wa addini abin da babu dalilinsa. In don ranar ce kuke samun sukuni, babu laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne sababbin waƙoƙin bege da ke yawo a WhatsApp. Annabi (SAW) ya hana a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa. Daɗin amshi kan sa mutum ya maimaita baitin da ke ba Manzo abin da na Allah ne shi kaɗai, bai ko lura ba. Kada ka tura waƙar da ba ka saurara har ƙarshe ka fahimta ba. Wadda aka cika da kiɗan fiyano ka bar ta, jumhurin malamai sun hana. Muryoyinku sun wadatar.

Ka gayyaci yayanka ya zauna ku karanta fassarar baitocin tare, cikin ladabi. Allah ne mafi sani.