Tambaya da Amsa: Wane ne baƙin mutumin nan mai tsintsiya?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni musulma ce, ina saida shinkafa da wake a Nima nan Accra. Maƙwabciyata 'yar Katolika ce, shekara da shekaru muna tsakar gida ɗaya ko sa-in-sa bamu taɓa yi ba. A ɗakinta akwai hoton wani baƙin mutum da farar riga riƙe da tsintsiya, ga kare da kyanwa da ɓera a gindinsa, duk 3 ga Nuwamba sai ta kunna kyandir a gaban hoton tayi girki ta rarraba, bayan kwana huɗu kuma tace wai ranar waliyyan ƙungiyar yayanta ce wanda yake fada, wato limamin coci. Ina jin nauyin tambayarta kar ta ga kamar raini ne. Don Allah bauta masa suke yi ko me? Daga 'yar uwarku a Nima.

AMSA: Yawwa 'yar uwa, Allah ya ƙara muku zaman lafiya ke da ita. Ni ma ɗan Katolika ne, kuma amsar a gajarce ita ce a'a, bauta ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyi girmama shi muke, muna roƙonsa ya saka mu a addu'a kamar yadda zaki ce wa dattijon kirki "Baba a saka mu a addu'a", sai dai mu mun gaskata wanda ya riga ya isa wajen Allah addu'arsa bata yanke ba. Na san akwai musulmi da ma kiristoci na wasu coci da basu yarda da wannan ba, bana ɓoye miki.

Mai tsintsiyar nan sunansa Martin de Porres. An haife shi a Lima ta ƙasar Peru a 1579, ubansa Bature ɗan Sifen mai muƙami, uwarsa kuma baƙar mace da aka 'yanta daga bauta. Yana yaro aka kai shi koyon wanzanci, aski da ƙaho da ɗaure rauni, irin dai aikin wanzamanmu. Yana shekara 15 ya je gidan 'yan Dominikan, wata ƙungiyar addini ta Katolika, amma dokar lokacin ta hana mai jinin baƙar fata zama cikakken ɗan ƙungiya, sai aka karɓe shi a matsayin bara, shara da wanke-wanke da kicin, to kinji asalin tsintsiyar. Sai a 1603 ya ɗau alkawarin zama ɗan'uwa, ya riƙe ɗakin jinya har ƙarshen ransa, bawa da mai kuɗi duk hannu ɗaya yake musu. Ana ba da labarin bashi ya taɓa kama gidan, ya ce wa shugaban ya saida shi a biya. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi, mutumin da aka wulaƙanta saboda launin fatarsa shi ne yau aka fi sanin fuskarsa a unguwanninmu fiye da waɗanda suka hana shi. Dabbobin kuma don tausayinsa ne da ya kai har kansu. Ya rasu 3 ga Nuwamba 1639, ranar da take girkin kenan.

Kuma ba da garaje ake cewa wane waliyyi ne ba. Ana tone rayuwar mutum da rubuce-rubucensa, a fara kiransa Bawan Allah, sannan Abin Girmamawa, sai an tabbatar da mu'ujiza ɗaya ta dalilin addu'arsa ya zama Mai Albarka, wata kuma ta biyu kafin Paparoma ya ayyana shi waliyyi. Martin sai 1962 aka ayyana shi, shekara 323 bayan rasuwarsa.

Batun 7 ga Nuwamba kuwa, ranar 'yan Dominikan ɗin nan ce, ƙungiyar yayan nata kenan, ki ɗauki ƙungiyar kamar dangi, ko nace kamar yadda 'yan ɗariƙa suke riƙe sunayen shehunansu, misali ne kawai don ki gane. Waliyyi Dominik ne ya kafa ta, Paparoma ya amince da ita a 1216, suna nan Ghana da Najeriya, har Gusau akwai sistocinsu. Ranar ɗaya ga Nuwamba coci duka ke tuna dukkan waliyyai, su kuma sai suka ware 7 ga wata don nasu na gida, irin su Toma Akwinas da Katarina ta Siyena da Rosa ta Lima, har da dubban da ba wanda ya san sunansu, mai dafa abinci, mai tsaron ƙofa. Wannan ɓangaren ne ya fi min daɗi gaskiya. Washegari 8 ga wata sai suyi wa mamatansu addu'a.

Ki tambaye ta kai tsaye Hajiya, ba zata ji haushi ba, ina ganin ma murna zatayi. Ki fara da cewa ta baki labarin ɓeran nan da ke cin kwano ɗaya da kyanwa.