Kai baƙi cin abinci a Sabon Garin Kano

Malam, ka ce abokan aikinka biyu daga Inugu za su zo Kano kwana uku, sun nemi ka kai su Sabon Gari su ci abincin gida, kai kuma ba ka shan giya, ba ka ma taɓa zama a unguwar da daddare ba, kana tsoron kada ka faɗa inda bai dace ba. Ni na yi shekara goma sha ɗaya ina sayar da kayan wuta a France Road, kuma abincin rana kusan kullum a cikin unguwar nake ci, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Sabon Gari biyu ce, akwai ta rana akwai ta dare, kuma wanda ya san ɗaya bai san ɗayar ba. Layin da za ka bi da azahar ka ga mata na daka sakwara, 'yan kasuwa na wanke hannu a roba, shi ne bayan isha'i za ka tarar an jera kujerun roba har tsakiyar titi, an kunna janareta, kiɗa na tashi, kwalabe sun cika tebur. Idan abinci ne ya kawo ku, ku shiga tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana. A lokacin ne miya take sabuwa, tuwo da zafinsa. Bayan la'asar sai ragowa da ɗumame.

Baƙinka za su ji kamar a gida suke tun daga sunayen tituna: Enugu Road, Aba Road, Igbo Road, Abeokuta Road, har da Gold Coast. Turawa ne suka yanka unguwar wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, don baƙi 'yan Kudu da na ƙasashen bakin teku, kowa kuma ya taho da tukunyarsa. Shi ya sa za ka ci amala da ewedu a wannan ƙofa, ka taka kaɗan ka samu akpu da miyar oha. Wajen New Road, inda manyan motocin Kudu ke lodi, nan ma akwai masu abinci da yawa, amma abincin matafiya ne, a ci a tashi. Ban so ka kai baƙo can.

Yadda nake gane gidan abinci mai kyau ba allon ƙofa ba ne. Ina duba inda 'yan kasuwa ke aika yaransu da kular abinci. Wurin da tukunya ke ƙarewa kafin ƙarfe uku ba ya ajiye miyar jiya. Sannan ka leƙa ruwan wanke hannu, shi zai gaya maka yadda kicin yake.

Maganar nama ita ce ta fi damunka, na sani, don ni ma ita ta hana ni ci a watannin farko, sai dai in aika a sayo mini gurasa da tsire. Kada ka ji kunyar tambaya. Ka ce, "Madam, naman nan na mene ne, daga ina?" Sun saba, ba wadda za ta ɗaure maka fuska. Da yawa daga hannun mahautanmu suke saye, za ma ta faɗa maka. Akwai kuma wuraren da ake dafa naman alade ko naman daji, kuma ba a ɓoye suke yi ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kifi ya raba gardama: agushi da busasshen kifi, ko farfesun tarwaɗa.

A kan tarwaɗar nan aka taɓa yi mini wayo, har yau in na tuna sai in yi dariya. Na kai wani abokin ciniki wani wuri, aka nuna mana baho cike da kifi masu rai, wanda suke kira point and kill, wato ka nuna a kashe maka. Ni da son in burge baƙo na nuna wani ƙato mai gemu. Yaron ya buga masa itace a ka, shi ke nan. Sai da muka cinye muka siɗe hannu aka kawo lissafi, na ga kusan cinikin wuni guda. Da na ɗaga murya, matar ta ce ai kai ka nuna shi. Gaskiyarta. Ka yi ciniki kifin na motsi, ka kuma tambaya ko da doya ko shinkafa a cikin kuɗin. Sannan ka shirya jira na kusan minti arba'in, don sai an nuna ake ɗorawa.

Ina kyautata zaton baƙinka za su nemi isi ewu ko nkwobi. Na farkon kan akuya ne, na biyun ƙafar saniya, ana haɗa su da manja da aka kaɗa da ruwan kanwa har ya yi kauri ya koma rawaya, a zuba a ɗan akushi, a yanka albasa da wani ganye mai ɗaci, utazi, a kai. Da daɗi, ba ƙarya. Sai dai a isi ewu ana dama ƙwaƙwalwar a cikin haɗin, ido kuma babban baƙo ake miƙa wa. In sun miƙo maka, girmamawa ce, ka san yadda za ka yi da ita. Matsalar kawai, waɗannan abincin yamma ne, kuma galibi a wuraren da ake sayar da giya da bammi ake yin su.

To nan ne sai ka yanke wa kanka hukunci tun kafin ku fita. Bayan an ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 aka haramta sayar da giya, Hisbah na kama motocinta tana fasa kwalabe, amma kowa ya san a Sabon Gari ana sha. Ba wanda zai tilasta maka. Ka ce Maltina ko ruwa, za a kawo ba tare da an kalle ka sau biyu ba. Ni dai ba na zama a teburin da aka ɗora kwalba, kuma tun a mota nake faɗa wa baƙona. Ban taɓa samun wanda ya ji haushi ba. Mukan ci abinci tare, in tashi in tafi sallar magariba, in bar su su ƙarasa hirarsu. Wani lokaci kuma mu sa a ƙulle mana nkwobin mu tafi da shi masauki.

In har za ku kai dare, ku je da motarku ko ka riƙe lambar direban da ka sani. An hana acaɓa tun 2013, a 2022 kuma aka sa dokar hana A Daidaita Sahu aiki daga ƙarfe goma na dare, don haka kada ka dogara da tsayawa bakin titi. Ka ajiye mota inda akwai haske da mai gadi, ka ba shi ɗan na goro. Ka riƙe tsabar kuɗi, don POS na iya cewa ba sabis bayan kun gama ci.

Rana ta biyu kuma kada ka bari su koma Sabon Gari. Ka kai su cikin gari su ci masa da miyar taushe, su sha fura, ka biya da su Agadasawa su sayi kilishin tsaraba.